Mai Yanka da Mai Shafa

Shekara shida Malachy Durkan bai ce wa ƙanensa Fintan ko ci kanka ba. A kan me? A kan wani kare da kowannensu ya ce nasa ne, jama'a, karen ma tuni ya mutu. Gona ɗaya suka gada a gefen tudu a yankin Mayo, can ƙasar Turawa, coci ɗaya suke zuwa ran Lahadi, amma wannan ya zauna gabas, wancan yamma.

Shi kuwa rodo ba ruwansa da gabar 'yan'uwa. Itacen nan mai furen shunayya da ganye mai dafi ya riga ya cinye makiyayar sama, bara kuma ya kashe wa Malachy tumaki huɗu da suka ci ganyensa. Makiyaya ɗaya ta rage. In ya tsallake katangar dutse ya shige ta, to dole Malachy ya sayar da garken tumaki masu baƙar fuska, irin da ubansu ya bar masa. Tunanin haka kaɗai kan sa abinci ya fita ransa.

Dole ta sa suka raba aiki, ta bakin Dympna matar Fintan. Fintan ya hau da zarton inji da sassafe ya yi ta yanka, tsakar rana ya sauka. Sai ya ɓace Malachy zai hau da bokitin maganin ciyawa ya bi kututture yana shafawa.

Wajen haɗin magani kam Malachy ba ya wasa. Riga mai dogon hannu, takalmin roba, safar hannu, tabarau, sannan ya buɗe gora. Ruwan famfo yake zubawa rabin bokiti, ba na rafi mai laka ba. Ya auna magani daidai yadda takardar jikin gora ta ce, ya ɗauraye ma'aunin sau uku a cikin bokitin, ya ɗiga shuɗin launi don ya gane inda ya taɓa, sannan ya cika. Feshi kuwa a'a, rafi na kusa, buroshi kawai. Ya rufe tumaki a makiyayar ƙasa, kuma in hadari ya haɗo ba ya fita.

Duk da haka, shekara biyu a jere, damina na juyowa sai kowane kututture ya fito da toho goma, kore shar. Kai! Malachy ya zagi magani, ya zagi mai shago, ya zagi Fintan a zuci.

Wata safiya yana saukowa rai a ɓace sai ya ja burki a bakin ƙofar katanga. Kututture ashirin ko fiye, duk sun bushe ƙayau, ba toho ko ɗaya. Ya taka ɗaya, ɓawon ya ruguje. Magani ɗaya, hannu ɗaya, to me ya bambanta su? Ya daɗe a tsaye kafin ya tuna. Ranar da aka yanke waɗannan Fintan ya makara, shi kuwa don ya kunyata shi ya hau da wuri ya tsaya a bayansa, itace na faɗuwa yana shafa wa kututturen, ruwan jikinsa bai ko tsane ba. Ashe ɗanyen yanka ne ke shan magani ya kai shi saiwa. In ya sha iska rabin yini, baki ya rufe, sai dai a yi wa itace kwalliya.

Malachy ya ji daɗi, ya kuma ji haushi, don ya gane abin da maganar ke nufi.

Ya tarar da Fintan a rumfa yana wasa haƙoran zarto. Ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Gobe ƙarfe takwas," in ji Malachy. "Tare za mu hau."

Fintan ya ɗago, ya waiga bayansa. "Da ni kake, ko da tarakta?"

"Da kai nake, sarkin barci. Kana yanka ina shafawa, nan take. Je ka duba na bakin ƙofa in kana musu."

"Au! Wato makarar da na yi ce ta kashe su? Dympna, fito ki ji, barcina ya yi rana!"

Sati biyar suka yi a kan tudun, ban da ranakun ruwa. Malachy na tsaye taku goma baya, sai zarto ya yi shiru itace ya kwanta zai matso. Da farko ba abin da ke haɗa su sai "matsa" da "saura wancan". A sati na biyu Fintan ya miƙa hannu tsirara zai ɗauki buroshi don ya taya shi.

"Ajiye!" Malachy ya daka masa tsawa. "Ba safa za ka taɓa min magani? Shekara hamsin da biyar, har yau ba hankali."

"To, Baba."

Ran nan, bayan sun wanke hannu da sabulu, shayin buta ɗaya suka sha, Fintan ya cinye rabin burodin yayansa da man shanu bai tambaya ba.

Da damina ta juyo suka hau tare. Malachy na gaba. Kututturen farko a bushe. Na biyu ma haka. Suka bi tudun tun daga katanga har ƙarshen iyaka, toho bakwai kacal suka ƙirga, Fintan ya daddatse su, Malachy ya shafe. Tsakanin matattun kututturen ciyawa ce ke ɓullowa, sabuwa fil, inda rana ta yi shekara ashirin ba ta taɓa ƙasa ba.

Bayan kwanakin da takardar magani ta gindaya sun cika, suka kwashe yankakkun rassan kaf, Malachy ya buɗe ƙofar makiyayar sama. Garken ya yi ta turereniya yana shiga, 'yan raguna na tsalle. Malachy ya cire hula ya jefa sama, ya kurma ihun da aka ji har gidan Dympna.

"Mun ci shi, Fintan! Mun ci shi!"

"Mun ci shi," in ji Fintan, yana kallon tumakin. Can ya ce, "Amma fa karen nan nawa ne."

"Naka ne," Malachy ya ce, yana share ido da bayan hannu. "Tun ranar na sani."