Lorna da Katin Janyewa

Ranar Laraba aka raba takardun jarrabawar tsakiyar zango. Lorna Pokorny ta karɓi tata, ta ga sittin da ɗaya cikin ɗari an zagaye da jan biro, tun daga nan zama ya gagare ta. Ta shiga ɗakin cin abinci ta ɗebi soyayyen dankali, ta ci ƙwaya biyu ta ture. Ta nufi laburare, ta kai bakin ƙofa ta juyo. Ta zagaya filin ƙwallo sau biyu cikin iskar ƙarshen Oktoba, ba ta ma san ta baro rigar sanyinta a aji ba sai da yatsunta suka fara ƙagewa.

Ga ɗalibi gama-gari sittin da ɗaya ba abin kuka ba ne, a sha kofi a wuce wurin. Amma Lorna 'yar Rukunin Zaƙaƙurai ce, waɗanda sauran ɗalibai ke kira shafaffu da mai. Mutum dubu uku suka nema bana, ɗari da ashirin aka ɗauka. Gidan kwanansu daban, ajinsu na musamman ba ya wuce mutum goma sha biyar, kuma su ke fara zaɓen kwas mako biyu kafin a buɗe wa kowa. Sharaɗin ɗaya ne tak: matsakaicin makinka kada ya sauka ƙasa da uku da rabi cikin huɗu. Ya sauka ko da ƙiris ne a ƙarshen zango, to tattara komatsanka, babu jan kunne, babu a sake gwadawa. Lorna ta buga lissafin ta gaba ta buga ta baya. Muddin kwas ɗin da ta ci sittin da ɗayan nan yana wuyanta, ba za ta kai ba.

Ita ce ta farko a gidansu da ta taka jami'a. Ubanta Vern rijiyar burtsatse yake haƙa wa manoman masara a Tilford, can yammacin Nebraska, garin da in ka yi atishawa a kanti, kafin ka isa gida an ce mura ta kwantar da kai. Sau huɗu ta sake rubutun neman shiga a kan teburin kicin. Ranar ganawa malamai uku suka sa ta a gaba, ɗaya ya tambaye ta wane littafi ne ya fi tsaya mata a rai. Ta laluba ta rasa, sai ta ce littafin da babanta ke rubuta irin ƙasar da ya ratsa a kowace rijiya: yashi ƙafa arba'in, laka ƙafa goma sha biyu, tsakuwa, sannan ruwa. Ta fito tana cizon yatsa, ta ɗauka ta kwafsa. Ashe abin da ya burge su ke nan.

To, gatan fara zaɓen nan shi ya kai ta ya baro. Ta buɗe jerin kwasa-kwasai ta ga na ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, na 'yan shekara ta uku, ita kuwa sabuwar shiga, babu wanda ya ce mata kul, sai ta shige. Kuma a faɗi gaskiya, shi kaɗai ne ajin da take isa tun ba a buɗe ƙofa ba. Abin da ta taso tana gani a ƙarƙashin farcen babanta, ga shi Farfesa Halvorsen yana zana shi a allo, yana faɗin dalilinsa. Lissafin ciki ne ya yi mata yawa.

Da ta gaji da gararamba ta koma ɗaki. Abokiyar zamanta Kendra Whitlock tana kan gado tana shafa jan farce a ƙafa. 'Yar lauyoyi ce daga Omaha, yayanta ma ta rukunin ya bi, don haka ta san ciki da wajen abin.

"Nawa?" in ji Kendra, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sittin da ɗaya."

"A wajen Halvorsen? Tabɗi! Ai kin ciri tuta, yayana arba'in da takwas ya ci, har yau in an ambaci tsohon sai ya yi tsaki. Sauke shi."

"In sauke me?"

"Kwas ɗin mana, 'yar ƙauye." Ta jawo aljihun tebur da ɗan yatsa, ta zaro kati ruwan ɗorawa ta wurgo mata. "Ki cika, malamin ya sa hannu, ki kai ofishin rajista kafin biyar na yammar Juma'a. Shi ke nan. A rubuta kin janye, babu maki, babu lissafi, kamar ba ki taɓa shiga ba. Ni na sauke biyu tun makon jiya. Zango mai zuwa kwas ɗin kallon tsuntsaye zan ɗauka, in kin iya bambance agwagwa da hankaka kin ci."

"Amma ai ce mana aka yi an ɗauke mu don mu tunkari abu mai wuya."

"Jawabin ranar maraba? Haba Lorna! Shi kansa mai jawabin bai yarda da shi ba."

"Ina son ajin, Kendra."

"Ni ma ina son cakulan, amma ba zan bar ɗakina saboda shi ba. Kin ga, in kika fita, wa kika san za a kawo mini? Wata mai minshari. Don Allah ki rufa mini asiri."

Ni dai mai ba ku labari, wannan abu yana ba ni takaici. A tara yara mafi kaifin ƙwaƙwalwa a jiha, a rataya musu uku da rabi a wuya, sannan a yi mamaki don sun koyi gudun duk abin da zai sa su gumi. Kendra ba muguwa ba ce, ba kuma malalaciya ba. Wasan ta gane da wuri.

Ranar Alhamis da tsakar rana Lorna ta kira gida. Ta tarar da Vern a gonar wani, injin haƙa yana ta ruri a bayansa.

"Zaƙaƙurarmu!" ya ɗaga murya. "Jiya fasto ya sake tambayarki. Kakarki kuma ta yanke hotonki na jarida ta manna a firji, kowa ya shigo sai ya gaishe shi."

"Baba, akwai wani kwas da nake tunanin bari."

"Bari? Kamar yaya bari?" Ta ji ya rage ƙarar injin. "Ke, mu ba ma fara rami mu bar shi a buɗe. Ya yi tauri, ki sauya haƙorin injin ki ci gaba."

"In na ci gaba makina zai sauka. In ya sauka za su fitar da ni daga rukunin."

Ta duba wayar ko ta katse.

"Au," ya ce. "Fitar da ke za su yi?"

"E, Baba."

"To." Ya yi gyaran murya. "To, ke kika san karatun nan, 'yata, ni ina na sani? Ki dai yi abin da ya dace." Can kuma ya ƙara da cewa, "Kakarki ta gayyaci rabin gari cin talo-talo ranar bikin godiya, wai su zo su gan ki."

Ta ajiye wayar hankalinta ya fi da tashi. Ta so ya ce mata tsaya, ko ya ce sauke, ko wanne ne ta riƙe. Sai ya miƙo mata duka biyun ya koma bakin injinsa. Ranar nan ta cika katin, ta yaga, ta roƙi Kendra wani.

Juma'a ƙarfe uku da rabi ta hau bene zuwa ofishin Farfesa Halvorsen. Mutum uku ta tarar a layi, kowa da katinsa ruwan ɗorawa a hannu, kowa yana kallon takalminsa. Ba wanda ya yi minti ɗaya a ciki. Da aka zo kanta, ta samu tsohon yana cin burodi da man gyaɗa a kan tulin taswirori.

"Pokorny," ya ce, ya leƙo ta saman tabarau. "Ke ma?"

"Farfesa, ba don ba na son..."

"Na sani. Duk shekara makon nan nake ganin 'yan rukuninku a ofis, sauran makonni ko ƙeyarsu." Ya goge hannu a wando. "Tambaya ta biyar, mutum talatin, ke kaɗai kika gane rijiyar maƙwabci ce ke janye ruwan. Sauran lissafi suka yi ta zubawa kamar masu aski a duhu. Ke kuma lissafin ne ya kayar da ke. Wannan ana gyara shi."

Lorna ta matso. "Ke nan in na dage..."

"In kin dage ki fita da saba'in da biyar. Ba zan yi miki ƙarya ba. Maki ne mai kyau, amma ba zai cece ki a wajen mutanenku ba."

"Babu wani ƙarin aiki da zan yi, ko da..."

"Babu. Abin da kika ci shi zan rubuta."

Ya karɓi katin ya sa hannu, ya miƙo mata. "Sa hannuna ba shi ne janyewa ba, sai kin kai. Gobe takwas motoci za su tashi zuwa kogin Platte, za mu auna rijiyoyi shida."

Daga ofishinsa zuwa na rajista tafiyar minti biyar ce. Lorna ta yi ta a awa ɗaya. Ta kai ƙofar ginin ta wuce. Ta zauna a benci, ta miƙe. Ta hango kanta tana jan akwati daga gidan zaƙaƙurai cikin ƙanƙarar Janairu, ta hango kakarta tana ɓamɓare hoto daga firji. Ta hango allon Halvorsen ba ita a gabansa. Can a zagaye na uku wata dabara ta faɗo mata, har ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Yo wa ya ce sai da rajista ake karatu? Ta miƙa katin, ta tsira da gurbinta, sannan ta ci gaba da zuwa ajin abinta. Ta ci riba biyu ke nan, ko Kendra ba ta yi wannan wayon ba.

Duk da haka sai da ta yi tsaye a gaban taga da katin a hannu.

"'Yan mata," in ji matar da ke ciki, tana duban agogo, "ko ki miƙo ko ki matsa. Biyar zan rufe, jikokina na jira."

Saura minti huɗu ta miƙa. Matar ta buga hatimi, ta danna wani abu a na'ura, ta ce a gaida gida. Da ta koma ɗaki kuwa, Kendra rungume ta ta yi, ta ce yau ta zama cikakkiyar zaƙaƙura.

Asabar takwas saura kwata Lorna tana filin ajiye motoci, da takalmin shiga laka da guzurinta a jaka. Motoci biyu na jami'a suna ɗumama. Farfesa Halvorsen yana bakin ta gaba da takarda a hannu, yana kiran suna ana shiga. Ya kira na ƙarshe, ya ninke takardar, sannan ya gan ta.

"Pokorny. Kin kai katin?"

"Na kai, Farfesa. Amma zan ci gaba da zuwa. Ba sai ka ba ni maki ba, ni karatun nake so."

Tsohon ya ɗaga takardar. "Da safen nan aka turo mini jerin sunaye, naki ba ya ciki. Wanda ba ya cikin jeri ba ya hawa motar jami'a. Dokar inshora ce, direban ma ba zai tashi ba."

"Ko a ƙasa ne sai in zauna."

"Ba maganar kujera ba ce."

"To Litinin fa? Ajin?"

"Daga Litinin ɗakin gwaji muka koma har ƙarshen zango, da samfurin da za mu ɗebo yau. Ƙofar da katin shaida take buɗewa, naki kuma tun jiya da yamma aka cire shi." Ya sassauta murya. "Na ɗauka an gaya miki."

Ba wanda ya gaya mata. Wa zai gaya mata? Duk wanda ta sani da ya sauke kwas, murna ya yi da rabuwa da shi, babu wanda ya taɓa komawa ya murɗa ƙofar.

Wani dogon saurayi da suke zama layi ɗaya ya zuge gilashin mota ya leƙo. "Lorna, shigo mana! Mun ajiye miki waje, ke za ki riƙe mana igiyar awo!"

Ta ɗaga masa hannu kawai, don ta san in ta buɗe baki kuka ne zai fito.

"Kin tsira da gurbinki," in ji Farfesa. Ba da gatse ya faɗa ba, shi ya sa maganar ta fi ciwo. Ya shiga ya ja ƙofa.

Motocin suka fita ɗaya bayan ɗaya, suka karya kwana wajen fitilar hanya. Baƙin ciki ya taso mata, irin wanda ba ta da wanda za ta ɗora wa laifinsa. Ta zauna a bakin dakali, ta kwance igiyar takalminta, ta sake ɗaurewa. Ƙarfe takwas da minti biyar ne, tana nan daram a Rukunin Zaƙaƙurai, kuma ba ta da inda za ta.