Goge a Gaban Piyanon Ticha Yao

Shekara talatin ke nan da Ticha Yao ya baro kudu ya zo Tamale, a arewacin Ghana, koyar da kiɗa. Shi ba makaɗin biki ba ne. A takarda yake tsara waƙa, murya huɗu da piyano, mawaƙan coci su rera. Amma tun da ya yi ritaya alƙalaminsa ya bushe. Zai zauna gaban piyano a ɗakinsa na unguwar Tishigu, ya danna sau biyu, ya miƙe. Ya leƙa tsakar gida, ya dawo, ya sake fita. Ƙarshe sai ya sa takalmi ya kama hanya ba tare da sanin inda za shi ba.

A irin wannan yawon ne ya ji kukan goge daga wani shagon tela a unguwar Moshi Zongo. Mai shagon, Kamaldeen, saurayi ne ɗan shekara ashirin da uku, shi ke jan gogen. Ƙanwarsa Zuleiha, mai karatun aikin jinya, tana zaune kan benci tana amsa masa. Ticha ya tsaya a rana har Zuleiha ta ce, "Baba, shigo mana, rana za ta cinye ka."

Ya shiga, ya kuma zama ɗan gida. Kullum da hantsi yana can, suna cin wake da shinkafa a ganye ɗaya, suna musu kan komai. Su ne suka fara yi masa dariya a fuska, abin da ɗalibansa ba su taɓa yi ba, kuma ya ji daɗinta. Cikin wata biyu ya rubuta sabuwar waƙa, har da goge a ciki.

Ranar gwaji aka samu matsala. Duk inda Kamaldeen ya ja, sai sautin ya faɗa tsakanin haƙoran piyano biyu.

"Ɗaga kaɗan, yarona. Ba daidai kake ba," in ji Ticha.

"Baba Ticha, haka kakana ya ja shi. Piyanonka ne mai giɓi."

Ticha ya rufe piyano da ƙarfi. Kamaldeen ya rataya gogensa ya fita.

Mako uku Ticha bai taka Moshi Zongo ba. Ya je har unguwar Kukuo da ƙafa ya dawo. Ya yaga shafi, ya tsinto shi, ya liƙe. Abinci ma a tsaye yake ci. Abin da ya fi damunsa shi ne, in ya rera waƙar a ransa, yadda yaron ya ja take fitowa, ba yadda ya rubuta ba.

Wata Laraba Zuleiha ta yi sallama.

"Yaya ya samu aikin ɗinki a Kumasi, jibi zai tafi. Ya ce kada in gaya maka."

"To, don me kika gaya mini?"

"Ku biyun duk kun ishe ni."

Ticha ya tare babur. A shago bai ba da haƙuri ba, Kamaldeen ma bai nema ba. Cewa kawai Ticha ya yi, "Ja mini tun daga farko." Zuleiha ta ɗauki sautin a waya. Sau tara suna maimaitawa.

Da Ticha ya koma gida sai ya soke piyanon gaba ɗaya daga waƙar, ya bar muryoyi su bi goge duk inda ya lanƙwasa. Mawaƙan cocin suka yi gunaguni; mutum biyu suka daina zuwa gwaji. Sauran suka jure, suna koyo daga wayar Zuleiha. Da bikin Ista Kamaldeen ya hawo mota daga Kumasi, ya tsaya gabansu a zauren makaranta ya ja, ya koma washegari.

A shekarar Ticha Yao ya gama waƙoƙi huɗu. Ta biyar ce ta ƙi, ya kira Kamaldeen bai ɗaga ba, sai ya tura takardun cikin jaka ya nufi tashar motocin Kumasi.