Fuskar Opanyin Gyamfi a Jikin Cakulan

A garinmu, in ka ga an buga fuskar mutum a takarda mai sheƙi, ka nemo baƙin zanenka kawai, jana'iza ce. Shi ya sa da kamfanin Jamus mai sayen kokon ƙungiyarmu ta manoma da farashin adalci ya nemi manomin da za a sa hotonsa a jikin cakulan, kowa ya noƙe. Mutum ɗaya ne ya ɗaga hannu, maƙwabcina Opanyin Gyamfi, wanda ɗansa Kwarteng ya shekara tara a Hamburg ta Jamus bai leƙo gida ba.

Baturiya mai ɗaukar hoto so take ya riƙe adda ya yi murmushi. Ina! Tsohon nan ya yafa zanen kente, ya harɗe a kujera, ya ƙura wa sama ido, sak hotunan da muke liƙawa a bango ranar makoki.

"Opanyin, ɗan yi dariya mana," in ji ta.

"'Yata, ɗauka haka. Na san aikina."

Da aka aiko mana ɗanɗanon cakulan mai hotonsa, sai ya ɗaure ƙwaya ɗaya da jan ƙyalle kamar tsarabar jana'iza, ya bai wa wani ɗan garinmu mai komawa Jamus ya kai wa Kwarteng, babu wasiƙa. Ya kashe wayarsa. Kwarteng ya kira uwarsa, Maame Adwubi.

"Babanka? Hmm. Kai dai ka zo," ta ce, ta katse. Har yau tana rantsuwa ba ta yi ƙarya ba.

Kwana shida sai ga Kwarteng cikin baƙi da ja, yana kuka tun daga tasha. Duk muka bi shi. Ya tarar da mamacin a bakin shanya yana juya koko.

"Papa! Kana raye?"

"To ya zan yi? Koko bai bushe ba."

"Na bar aikina! Tun daga jirgi nake kuka!"

Tsohon bai ɗago kai ba. "Kirsimeti tara ina kiranka da bakina. Gawata ta kira sau ɗaya, ga ka."

Dariya na zo yi, amma wallahi sai tausayi ya kama ni. Can Kwarteng ya ɗaure baƙin zanen a ƙugu, ya sa hannu cikin koko kusa da na ubansa.