Bangon da Ya Jira Takarda

"Basiru, ajiye ƙasar nan. Kada ka taɓa mini bango."

Curin farko ke nan a hannuna, na ɗaga zan maka shi a tsagar, sai Baba Gana ya fito daga zaure yana gyara zaman hularsa. Mu huɗu ne a ƙofar gidansa, duk maƙwabta, ƙafafunmu dumu-dumu da taɓo. Kwana uku muka yi muna tattake ƙasar nan da ramno, ciyawar da ake cuɗa ƙasar gini da ita, har ta ruɓa yadda ake so. A garinmu haka aka saba, in bazara ta kama, kafin ruwan farko, sai a zaga gidajen tsofaffi a yi musu yaɓe. Ba a neman izinin mai gida, shi ma ba ya ba da komai sai ƙwaryar fura.

"Lafiya dai, Baba?"

"Lafiya lau. Takarda nake jira."

"Takardar me?"

"Ta izini. Ba a taɓa gini yanzu sai da izinin hukuma. Kai da kake magini ya kamata ka riga ni sani."

Na yi dariya har curin ya suɓuce mini. Ni magini ne ɗan magini, shekara talatin ina yaɓe, ban taɓa jin an je ofis kafin a toshe tsaga ba. Amma da na dubi fuskarsa sai dariyar ta tsaya, don babu alamar wasa a cikinta.

Baba Gana ya haura saba'in. Mahaifinsa ya zo daga Borno da fataucin kanwa, ya ga ƙasar noma a nan arewa da Bacirawa, ya gina gidan ya zauna. Shi kuwa Baba Gana aikin masinja ya yi a ofis shekara talatin da uku, yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Ya yi ritaya, amma aikin bai sake shi ba. Ko katin rigakafin akuya aka ba shi sai ya ninke ya sa a leda. Shi da matarsa Inna Falta kaɗai ne a gidan, 'yarsu ɗaya Ikilima tana aure a Bagwai.

Abin da ya tsorata shi na san shi, don tare muka gani. Birni ya matso mu, gonaki suna komawa fuloti. Bara Alhaji Zubair ya gina shaguna uku na bulo a bakin titi, suka ci hanya. Aka zo aka shafa musu jan fenti, bayan wata guda katafila ta zo. Kowa ya kalla ya watse, Baba Gana kuwa ya tsaya har aka kwashe bulo na ƙarshe.

Da yamma na koma na same shi a kan dakali. Bangon da muke magana a kai na gabas ne, bangon tsohon soro, wanda ruwa ke fara duka. Tsagar ta taso daga gindin indararo har kusan ƙasa, hannuna yana shiga ciki.

"Baba, bangon nan ba zai ga ƙarshen damina ba. Alhaji Zubair hanya ya ci. Kai kuwa naka ne za ka shafa wa ƙasa."

"Basiru, gidan nan ba shi da takarda ko ɗaya. Shaidarmu tsohon dagaci ne, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. In na ba su dalili suka zo da jan fenti, ni ai na kusa tafiya. Falta fa? Ina za ta zauna? Gidan suruki?"

Na yi masa sallama na koma gida.

Sau biyu ya sa kaftaninsa mai guga ya hau a-daidaita-sahu zuwa ofishin masu kula da gine-gine, ya dawo ba labari. Na ukun na bi shi, don in ji da kunnena. Muka sami wani saurayi mai suna Jamil, mai ladabi, har ya tashi ya ba Baba kujerarsa. Ya saurari bayanin tsaf.

"Baba, ɗaki za ka ƙara?"

"A'a."

"Katanga za ka matso da ita kan hanya? Ko bene za ka ɗora?"

"Yaɓe kawai."

"To wannan gyara ne, ba sabon gini ba. Ba ya buƙatar izini. Ka je ka yi abinka, Allah ya sa albarka."

Na yi hamdala na miƙe. Baba Gana bai motsa ba. Ya zaro biro daga aljihu ya miƙa wa yaron.

"Madalla, ɗana. To rubuta mini."

"Me zan rubuta, Baba?"

"Abin da ka faɗa. Ka sa hannu, ka buga hatimi."

Jamil ya dube ni, ya sosa ƙeya. "Wallahi Baba ba mu da fom na abin da ba ya buƙatar izini. Hatimi kuma yana wurin oga, ya tafi kwas, sai ya dawo."

A hanyar dawowa na yi ta masa magana, shi kuwa yana kallon gonaki. Sai da muka sauka ya ce, "Shekara talatin da uku ina ganin yadda ake yi. Mutum ya ce an gaya mini, a ce masa ina yake a rubuce? Yaron nan gobe a canza masa wurin aiki, wa zai tsaya ya ce ya faɗa?"

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya sani. Na ce, "To shi ke nan, Baba, in takardar ta zo sai ka yaɓe bangon da ita." Washegari na sa aka kwashe ƙasar a baro aka kai gidan wata tsohuwa a bayan masallaci. Bai hana ba. Gaisuwa ma bai fasa ba, ni ne dai na riƙa amsawa a taƙaice.

Ruwa ya sauka. Ogan bai dawo ba, ko ya dawo bai ga dalilin buga hatimi a kan yaɓe ba, ban sani ba. Tsagar ta buɗe baki. Na ji matata tana cewa Baba Gana ya fitar da gadon Inna Falta daga soron ya mayar da ita ƙaramin ɗakin kwano. Ashe ya san abin da na sani, tsoron jan fentin ne ya fi ƙarfinsa.

A watan Agusta aka yi marka ta kwana uku, ruwa ba ƙarfi amma ba ya ɗaukewa. Rana ta huɗu da hantsi na ji sallama a ƙofata. Shi ne, ya rufa buhu a ka.

"Basiru, na haƙura da takardar. Zo ka yi aikinka."

Abin da na yi wata uku ina jira in ji ke nan, amma maimakon in ji daɗi sai tsohon haushin ya taso.

"Yanzu kuma, Baba? Jiƙaƙƙen bango ba ya karɓar yaɓe. Sai an yi rana kwana uku."

Wannan gaskiya ce, duk magini zai faɗa maka haka.

"To ko tokara ce a sa masa. Jiya na ji yana zubar da ƙasa ta ciki."

Ina da azara biyu a jingine a bayan ɗakina. Ɗaukar su zuwa gidansa da kafa su ba zai kai rabin awa ba. Amma ruwa ya kwanta mini a gonar gero, kuma ina so ya ɗan ɗanɗana jira kamar yadda ya sa na jira.

"Sai na dawo daga gona. Bayan la'asar."

"Allah ya kai mu," in ji shi. Ya gyara buhunsa ya juya.

Bayan azahar kaɗan ina yanke wa ruwa hanya da fartanya na ji ƙarar. Ba ta da ƙarfi, kamar an sauke buhunan hatsi daga kan mota. Sai muryar Inna Falta ta biyo baya. Ban taɓa jin muryarta ta wuce katanga ba sai ranar.

Ashe Baba Gana bai iya jira ba. Ya cire sandar rumfar awaki ya je tokare bangon da kansa, sai bangon ya rufto masa. Da hannu muka tona, don muna tsoron fartanya ta same shi. Ƙasar ta danne shi daga ƙirji zuwa ƙasa, sandar tana hannunsa. Ina tonawa ina kuka, ban damu da wanda ke kallona ba.

Kwana biyu ya yi a asibiti. Rana ta biyu da safe ya farfaɗo, Ikilima ta iso tana masa fifita, Inna Falta na zaune a ƙasa ta riƙe ƙafar gadon. Ya yafito ni da yatsa, na sunkuya.

"Basiru."

"Na'am, Baba."

"Da kansa ya faɗi, ko? Ba mu muka rushe ba."

"Da kansa ya faɗi."

"In sun zo ka shaida. Kada su ce Falta ta yi rusau ba izini."

"Zan shaida, Baba. Ka yafe mini. Azarar nan tana bayan ɗakina, da na..."

"Gona ce ta kira ka," ya ce. "Ai ba laifi."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kafin a kira azahar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Mun rufe shi kafin la'asar, ana yayyafi.

Babu wanda ya zo daga ofis, ranar ko bayanta. Gidan da Baba Gana ya yi ta tsare wa Falta kuwa ya koma a buɗe, duk mai wucewa a hanya yana ganin har murhunta, ga shi za ta yi takaba a ciki wata huɗu da kwana goma. Ikilima ta roƙe ta su tafi Bagwai, ta ce ba inda za ta. Bayan sadakar uku na sayo zana na kewaye gurbin, don sabon gini sai rani.

Ranar bakwai na zo da baro zan kwashe tarin ƙasar da ya zubo waje. Na soka shebur ke nan na ji muryarta daga bayan zanan.

"Basiru, bar ta nan tukuna."

Na duba da kyau. Ragowar irin geron da Baba Gana ya ajiye a tukunya cikin soron ne ya fashe a ƙarƙashin ƙasar, ya tsiro ta ko'ina, kore shar, tsawon yatsa. Na jingine shebur na zauna a bakin baro. Wata akuya ta matso tana sunsunar tsiron. Hannun Inna Falta ya fito ta ƙarƙashin zanan, a hankali, ya kore ta.