Ranar da Kawu Ya Taya Motar Gwaji

Kawu ya sake shurin tayar gaba, ya yi tsaki, ya juyo ya dubi Dogo kamar wanda aka gayyato kallon mushe.

"Wannan ce? Saboda wannan ka hana ni buɗe shago yau?"

Tun a hanya suka shirya cewa Dogo bakinsa alaikum, Kawu ne zai yi magana. Kawu ƙanin mahaifiyarsa ne, tsohon ɗan kasuwa mai sayar da kujeru da firji na hannu, kuma a duk danginsu ba a sayen ko keken ɗinki sai an tafi da shi. Ana cewa idan Kawu ya gama kushe kaya, mai kayan da kansa sai ya ji kunyar kayansa.

Motar tana tsaye a tsakiyar ɗakin gilashi na kamfanin, ruwan toka, an goge ta tana ɗaukar ido. Motar gwaji ce, wato wadda kamfanin yake ba masu niyyar saye su zaga da ita su ji yadda take. Ta daɗe tana wannan aiki, yanzu sabon samfuri ya iso, shi ne aka ce za a sayar da ita da rangwame. Ba sabuwa ba ce, ba kuma tsohuwa ba, kuma irin wannan ce kaɗai aljihun Dogo zai iya hango wa.

Ya san motar kamar yadda ya san yunwar cikinsa. Duk ranar da ya tashi da wuri daga asibitin da yake aikin ɗaukar hoton ƙashi, nan yake biyowa ya ce ya zo gwaji. Ma'aikaciyar da ke kula da masu saye, wata siririyar mace mai tabarau, ta daɗe da gane cewa ba shi da kuɗin sabuwa, amma ba ta taɓa nuna masa ba. Takan ɗauko makulli ta ce, "Bismillah, Yallaɓai," ta shiga gefe. Da ya zauna ya tura kujera baya, sai dogayen ƙafafunsa su miƙe su huta. Sukan bi babban titi har shataletalen bayan gari, inda dokar kamfani ta ce a juyo. Daga wannan shataletale ne hanyar garin da matarsa take ta miƙe.

Malamar makaranta ce, aka yi mata canjin wurin aiki zuwa can, ta tafi da 'yan biyunsu tun suna rarrafe. Shi kuma nasa aikin ya riƙe shi a nan. Sai ƙarshen wata yake zuwa, a bas, gwiwoyinsa a tokare da kujerar gaba, a tsaya a nan a tsaya a can, ya isa a gajiye, ya kwana, washegari ya kama hanya tun rana ba ta yi ba don kada ya rasa mota. Zuwansa na ƙarshe, 'yan biyun suka laɓe a bayan zanen uwarsu suna leƙensa. Da ya shiga wanka sai ya ji macen tana tambaya, "Mama, yaushe baƙon zai tafi?" Ya daɗe tsaye da buta a hannu. Kewar iyalinsa ta jima tana cinsa, amma ranar ce ta kai masa har ƙashi.

Shi ya sa ya haɗa abin da ya tara da rancen da ya karɓa a wurin aiki. Abin da ke hannunsa ya kusa kai kuɗin da aka liƙa a gilashin motar, saura kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin ne aka ɗauko Kawu ya kankare. Jiya ma zumuɗi ya sa ya riga malam masallaci, ya gaya wa matarsa cewa jibi da motarsa zai zo. Ta yi dariya ta ce yara za su tare shi a bakin titi.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji ma'aikaciyar, ta ɗan rusuna wa Kawu. "Yallaɓai, yau ka zo da babban baƙo. Ina da magana mai daɗi ma..."

"'Yata, ajiye maganarki tukuna," Kawu ya katse ta. "Wannan mota duniya ta gama hawanta. Mai ƙiba ya hau, marar lasisi ya hau, wanda ya zo shan sanyi kawai shi ma ya hau. Ai wannan motar haya ce da ba ta karɓar kuɗi."

Ta yi murmushi. "An kula da ita sosai, Baba."

"Dubi fenti, ya fara kodewa. Dubi kujera, ta lotsa. Wane basamude ne ya yi ta zama a nan?"

Dogo ya sunkuyar da kai, domin ya san basamuden. Ya ji kamar ana zagin 'yar'uwarsa a gabansa an kuma hana shi ramawa. Amma dokar Kawu ɗaya ce, ya kuma nanata masa ita a hanya: kada mai kaya ya ga haƙorinka, duk abin da ka yaba ka ƙara masa kuɗi da bakinka.

"A tayar da ita mu ji," in ji Kawu. "Ba a sayen doki a turke."

Aka fito da motar. Dogo ya kama sitiyari, ma'aikaciyar a gefensa, Kawu ya baje a baya yana latsa kujera da yatsa kamar mai zaɓen katifa. Motar ta hau titi sumul, ba ƙara ba girgiza. Dogo ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Har ya fara ganin 'yan biyun a madubi, ɗaya a wannan taga ɗaya a waccan, suna faɗa a kan wanda ya fara ganin saniya.

"Kun ji?" in ji Kawu. "Akwai abin da ke ƙwar-ƙwar a ƙasa."

"Ban ji ba, Baba," in ji ma'aikaciyar.

"Kunnen yaran zamani! Waya ta cinye shi."

Ta yi dariya. Kawu ya ga wannan kibiya ba ta kama ba, sai ya zaro babba. Da suka rage gudu a gaban shataletale, ya dafe kujerar gaba da ƙarfi kamar za a kife.

"Subhanallahi! Birkin nan ja yake yi gefe. Saura ƙiris mu hau dakali."

Dariyar ma'aikaciyar ta ɗauke. Ta juyo gaba ɗaya. "Baba, da gaske kake?"

"Da furfurata zan yi miki wasa?"

Ta dubi Dogo. "Yallaɓai, kai ne a kan sitiyari. Ka ji birkin yana ja?"

Birkin lafiyarsa ƙalau, ƙafar Dogo ta san haka. Amma yatsan Kawu ya zungure shi a kafaɗa ta baya, sau ɗaya, sau biyu. Ya tuna ɗan abin da ya rage masa a cika kuɗin.

"E to... kamar dai yana ɗan ja."

"Don Allah ka gangara ka tsaya," in ji ta.

Ita ta karɓi tuƙin. Ta kunna fitilun gargaɗi, ta dawo da su a hankali ta gefen titi, kekuna suna wuce su. Kawu ya kashe wa Dogo ido ta madubi, ya raɗa masa, "Ta tsorata. Yanzu za ka ga ragi."

Da suka isa ba ta mayar da motar ɗakin gilashi ba, ta ajiye ta a bayan gini, ta zare makulli ta shige ofis. Aka ba su kujera da ruwan sanyi. Kawu ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana kaɗawa. Can sai ga manaja ya fito, wani mutum mai sanƙo da taushin murya, ya ba su hannu bibbiyu.

"Mun gode ƙwarai da kuka gaya mana. Kun yi mana babban taimako."

"Ai ba komai," in ji Kawu. "Tunda an ga aibinta, sai a zauna a yi ciniki na gaskiya. Nawa za ku rage?"

"Ai Baba, ba maganar ciniki kuma. Motar ta fita daga kasuwa."

Ƙafar Kawu ta daina kaɗawa.

Manajan ya yi musu bayani a natse. A tsarinsu, in ji shi, duk motar da wanda ya tuƙa ta ya ce birkinta na da matsala, ba su da ikon sayar da ita. Dole a mayar da ita babban garejin kamfani a kwance ta a duba, kuma ya riga ya sanar da can. Dogo ya tambaya yaushe za ta dawo, muryarsa kamar ba tasa ba. Manajan ya ce gaskiya da wuya ta dawo nan, domin irin waɗannan idan an gama duba su akan haɗa su ne a sayar wa dillalai a dunƙule.

Dogo ya miƙe tsaye. "Ranka ya daɗe, birkin nan ba abin da ya same shi. Wallahi lafiyarsa lau. Ciniki ne kawai muke yi."

"Haba, ɗan nan!" Kawu ya tafa hannu yana duban manajan. "Kai ba ka taɓa shiga kasuwa ba? Wa ke ɗaukar kushe da gaske? Ni kullum ana ce wa firjina ba ya sanyi, ina ce wa mutum ƙara kaɗan ka ɗauka. Ai gishirin ciniki ke nan!"

"Na sani, Baba. Ni ma haka nake sayen takalmi. Amma a nan idan aka ce birki, birki muke ji." Manajan ya juya wajen Dogo. "Yallaɓai, ɗazu ka ce yana ja, yanzu ka ce ba ya ja. Ni ban san wanne zan riƙe ba. Idan na ba ka ita ka ɗauki iyalinka wani abu ya faru a hanya, me zan ce? Ka yi haƙuri, magana zarar bunu ce."

Ya sake ba su hannu ya koma ciki. Kawu ya bi shi har ƙofar ofis yana cewa a tsaya a fahimci juna, yana kiransa ɗana, yana kiransa ranka ya daɗe. Ƙofar ta rufe a hankali.

Ma'aikaciyar ta matso kusa da Dogo. Ta cire tabaraunta tana gogewa da gefen mayafi, ba ta dube shi ba.

"Maganar da na so gaya maka ɗazu ke nan," in ji ta. "Tun safe na roƙi manaja, na ce akwai wanda ya fi kowa son motar nan. Ya yarda ya sauko daidai abin da ka taɓa ce mini kana da shi. Da ma makulli kawai zan miƙa maka."

Dogo ya dube ta. Ya ce mata ya gode, ya sake cewa ya gode, ya fita.

A waje rana ta take. Babbar motar da ta kawo sababbin motoci tana tsaye a bayan gini za ta koma, an sauke mata gadar ƙarfe. Dogo ya tsaya a jikin shinge ya kasa tafiya. Kawu ya zo ya tsaya kusa da shi, hula a hannu, yana ta ƙunƙuni a kan mutanen da ba su san kan ciniki ba. Wani makanike ya shiga motar gwajin ya tayar da ita. Ta hau gadar a hankali, injin yana numfashi ƙasa-ƙasa, da ta kai ƙarshe ya taka birki ta tsaya cak, ko gezau.

Kawu ya manta da kansa. Ɗan kasuwar da ke cikinsa ya girgiza kai cike da sha'awa.

"Kai! Ka ga birki? Wallahi wannan mota ce. Wanda ya same ta ya more."

Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya mayar da hularsa ka.

Wayar Dogo ta yi ƙara a aljihu. Matarsa ce. Ya bari ta yi ta ƙara har ta kusa tsinkewa kafin ya ɗauka. A bayan muryarta yana jin 'yan biyun suna ihu suna ƙwacen wayar, namijin yana cewa a tambayi Baba ko motar tana da hon.

"Ya aka yi? An gama?" in ji ta.

Ana ɗaure tayoyin motar da sarƙa. Dogo ya juya wa motar baya.

"Ina nan zuwa gobe, in sha Allah," ya ce. "Amma kada ki fito da yara bakin titi. A tasha zan sauka."