Takun da Inna Ba Ta Sani Ba

Tun da idanun Inna suka rufe, shekara shida ke nan, da kunne take gane 'ya'yanta. Da ƙwaƙwalwarta ta fara zubar da sunaye da muryoyi, abu ɗaya ya rage mata: takun Auta a kan matakalar bene. Yana da wata 'yar jan ƙafar hagu, kamar mai share ƙasa da diddige, kuma kafin ya kai hawa na biyu za ta ce, "Ga malalacin nan, ko tafiya sai ƙasa ta taya shi."

A wurin aiki ya faɗi. Mai gyaran lif ne, na'urar hawa bene, ya taka tsani ba daidai ba, gwiwarsa ta hagu ta murɗe, ya ji wani ɗan sauti kamar an tsinke igiyar shanya. Likitan ƙashi ya nuna masa hoto, ya ce jijiyar da ke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri ta yanke, kuma tasa ba za ta ɗinku ba. Za a dasa masa wata daga ma'ajiyar asibiti, cikin waɗanda mamata suka yi wasiyyar a ba masu buƙata. Auta ya sa hannu bai tambayi ta wane ne ba. Ko ya tambaya, ba a faɗa.

Wata uku yana kan sanduna, matarsa ce ke kai wa Inna magani. Kullum tsohuwar na tambaya ina yaron nan ya shiga, kullum ana ba ta amsa, kullum tana mantawa.

Ɗakin gashin ƙashi yana ƙarshen wata doguwar baranda: gadaje uku, keke marar taya, da ƙarafa biyu da ake dafawa ana koyon tafiya. Matar da ke kula da shi, wadda kowa ke kira Anti, tana da salon aikinta. Ba ta kallon mai jinya in yana tafiya. Juya masa baya take yi ta saurara, don a cewarta ido yana da kunya, kunne kuwa ba ya rufa wa gwiwa asiri. Ta sha zolayarsa cewa kuka yake kamar ɗan akuya in ta lanƙwasa ƙafar, shi kuma ya ce mata hannunta ya fi dacewa da mahauta.

Ranar da ya ajiye sanduna, ya shigo barandar da hantsi, Anti tana rubutu, ƙeyarta ga ƙofa.

"Masinja, yau ma ka makara," ta ce.

Sai alƙalaminta ya tsaya. Ta juyo a hankali, ta dubi gwiwarsa kafin ta dubi fuskarsa. Da ya matsa mata, ta ce wani tsohon majinyacinta ne, mai kai takardu ofis-ofis, da ta yi wa gashin kafaɗa. Tafiyarsa sauri biyu ce sannan ɗan tsaiko, kamar mai jiran a buɗe masa ƙofa. Ya rasu bara. Ta ce kuskuren kunne ne kawai, amma ranar ba ta sake juya masa baya ba.

A hanyar gida Auta ya saurari kansa. Sauri biyu, tsaiko. Ya gwada jan diddige, gwiwar ta ƙi, ta ɗaga ƙafar tsaf kamar ta san aikinta. Ya lura kuma a bakin kowace ƙofar ofis ƙafar na rage gudu, ba da izininsa ba.

Mako biyu ya yi yana koyon tsohuwar tafiyarsa a tsakar ɗaki, matarsa na gyara masa tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Taku biyar yake iya yi, a na shida sai ƙafar ta koma nata. Matakalar Inna kuwa ashirin da huɗu ce.

Ya je da la'asar. Ya ja diddige har sau biyar, gumi na tsattsafo masa. Daga nan bai ƙara mallakar ƙafarsa ba. Ƙafar ta haura da shi, ta tsaya a bakin ƙofa, ya tsinci hannunsa yana ƙwanƙwasawa, shi da bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofar uwarsa ba.

"Inna, ni ne."

Ta karkata kai, ta gyara mayafi kamar yadda take yi wa baƙi.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Saƙo ka kawo wa Auta? Bai dawo ba tukuna. Zauna ka jira shi, ai za mu ji shi tun daga ƙasa."

Ya zauna a kujerar baƙi. Ta mayar da kunnenta ga matakala. Can sai ya ga shi ma ya kasa nasa kunnen.