Azumin Malam Sanda a Hanyar Filin Jirgi

Mutumin da zai tashi daga Kaduna da hantsi, ya sauka Legas tun ba a kira azahar ba, shi ma matafiyi ne? Tun da motar ta bar Katabu Malam Sanda yake juya wannan tambaya a ransa, har suka wuce Kawo bai samo mata amsa ba.

'Yarsa Bara'atu tana zaune a gefensa, cikinta ya fara turo hijabi. Ita ta nemo masa ganin likitan ido a Legas, don ciwon suga ya fara cin ganinsa. A cinyarta akwai gorar kunu da ƙwayoyin maganin da ya kamata ya sha tun da safe.

"Baba, don Allah ka ajiye azumin nan ka sha magani. Ko Liman ya ce nisan tafiya ake dubawa, ga kuma lalura."

"Liman bai taɓa jan tirela zuwa Legas ba," in ji Malam Sanda. "Ni na ja. Mu kwana a hanya, rana ta gasa mu a Jebba, taya ta fashe a daji. Ranar in na sha ruwa na san dalilin shansa. Yau ki zaunar da ni a kujera mai laushi, sanyi na kaɗa ni, awa ɗaya da ɗoriya, sannan in ce wa Ubangiji na wahala? Da wace fuska?"

Sambo, maƙwabcinsu da ke tuƙa su, ya leƙo ta madubi. "Baba, ai Legas ba ta matso ba, jirgin ne ke da gaggawa."

"Kai dai ja motarka. Ba ka ji birkinka na kuka ba?"

A Mando suka tarar da cunkoso. Zafi ya cika motar. Malam Sanda ya ji hannunsa na rawa, sai ya tura shi ƙarƙashin babbar riga. Da ya juya, ya ga Bara'atu ta jingina kai da gilashi, idonta a lumshe. Sai da ya matsa kusa sosai ya gane leɓenta a bushe yake.

"Uwata, kin karya kuwa?"

"Azumi nake yi."

"Da wannan cikin? Likita bai hana ki ba?"

"Ya hana ni, kamar yadda ya hana ka." Ba ta buɗe ido ba. "Jirginmu ɗaya, kujerarmu iri ɗaya. In kai ba za ka wahala ba, ni ma haka."

"Ke ai ku biyu ne!"

"Ni kuma ubana ɗaya ne, Baba."

Sambo ya shiga gyara madubin da babu abin da ya same shi.

Malam Sanda yana da hujjoji, ya jera su tun sahur, amma babu wadda ya iya ɗorawa a kan wannan busasshen leɓe. Ya miƙa hannu ya ɗauki gorar daga cinyarta. Murfin ya ƙi buɗuwa, sai da ta taya shi.

Ya yi bismillah, ya kurɓa, ya haɗiye ƙwayoyin, ya yamutsa fuska.

"Ko suga babu."

"Naka ne ai."

"To, na ɗanɗana miki. Karɓi ki shanye, kada jikana ya fito yana hararata."